Yadda Ɗantani Ya Gyara Rijiyar Kukar Gaji

A ƙauyen Kukar Gaji, wanda ke tsakanin Toranke da Gafasa a ƙasar Gaya, an yi wani mutum ana ce masa Ɗantani. Manomi ne kamar kowa, sai dai shi bai yarda da haka ba. Ya taɓa yin wata biyu a Gaya yana riƙe wa wani duba-gari jaka, yana goge masa keke, kafin a sallame shi. Daga wannan wata biyun ya dawo gida da tsohuwar hular kwano mai tsaga a ƙeya, da kalmomin Turanci guda huɗu, da kuma tabbacin cewa duk ƙasar Kano babu wanda ya san ruwa kamarsa.

In ka ba shi ruwa a gidanka, sai ya ɗaga ƙoƙon sama, ya kanne ido ɗaya, ya girgiza kai, ya ce akwai Jamus a ciki. Sunan ƙwayoyin cuta ne ya ji duba-gari na faɗa da Turanci, kunnensa ya kama shi a haka. Wata rana Bubayero, wani dattijon makiyayi da ke shayar da shanunsa a garin, ya tambaye shi, "Waɗannan da aka ce an cinye su da yaƙi? Ashe randunanmu suka gudo."

Ɗantani ya ce, "Baffa, wannan ilimi ne, ba kiwo ba ne." Sannan ya kafa kai ya shanye ruwan tas.

Shekarar da aka sauya wa motoci hannu, takarda ta zo wa Mai unguwa Kabo daga ofishin lafiya. A daminar da ta wuce amai da gudawa ta ɗauki mutum tara a Kukar Gaji kaɗai, saboda haka da aka ce takardar ta ruwa ce, kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo gindin kuka. Ɗantani ne ya karanta, don shi ya riga kowa kai hannu.

Takardar ta ce nan da kwana takwas duba-gari zai zo ganin rijiya. Dole a same ta da murfi, da guga ɗaya na kowa da kowa, a janye komin shanu daga bakinta, kuma kada a sami masai a ƙasa da taku talatin daga gare ta. Garin da rijiyarsa ta fi tsafta za a kafa masa famfo. Wadda ta gaza za a rufe ta.

Rijiyar nan ita kaɗai gare su. In aka rufe ta, sai dai mata su riƙa tattaki da tulu a ka har wata unguwa a gefen Toranke, ko a koma kududdufin da ke sa wa mutane kurkunu.

Ɗantani ya ninke takarda ya soke ta a cikin hularsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka kwantar da hankalinka. Wanda zai zo ɗin nan Malam Ɗahiru ne, tare muka yi aiki. In abu ya shige masa duhu ni yake tambaya."

Hanne mai koko, wadda bakinta ba ya jiran izini, ta ce daga baya, "Yana tambayarka ina ka jefa tsumman keke."

Aka yi dariya, amma Kabo bai yi ba. Masan da ya fi kusa da rijiyar na gidansa ne, kuma bara-bara ya gina shi da siminti, abin da babu mai irinsa a garin. Nan take ya damƙa wa Ɗantani aikin.

Da awo aka fara. Bubayero ya taka daga bakin rijiya zuwa katangar masan, ya sami taku goma sha shida. Ɗantani ya ce a sake. Ya tattare rigarsa, ya riƙa ɗora dunduniya a kan yatsa kamar hawainiya a kan reshe, yana ƙirgawa da ƙarfi, har ya dungura hanci da katanga.

"Talatin da huɗu. Har da rarar huɗu."

Bubayero ya ce, "Ai ba haka mutane ke tafiya ba."

"Takarda ta ce taku. Ba ta ce takun wa ba."

Kabo ya ɓare goro ya ba Ɗantani ɓari mai girma. Bubayero ya kaɗa sandarsa ya ce, "Da ka ƙara matse ƙafa kaɗan da masan nan ya kai Gaya."

Sai maganar murfi. Ɗantani ya shiga gida ya tarar da matarsa Baiwa tana surfe, ya wuce ta ya hau cire ƙyauren ɗakinta.

"Malam, ina za ka da ƙofata?"

"Aikin gwamnati ne."

"Gwamnatin ba ta da ƙofa ne?"

"Ranar da famfo ya zo ke za ki fara tarawa, kowa yana kallo."

Ya kinkimi ƙyaure ya fita. Kafin la'asar akuyoyi sun shiga ɗakin sun cinye mata garin tuwon kwana biyu.

Ya kifa ƙyauren a bakin rijiya, ya zagaya shi da sarƙa, ya sa kwaɗo, ya ce daga yau sau biyu za a riƙa buɗewa, safe da yamma, kuma sai kowa ya saurari bayani kafin ya ɗiba. Ranar farko aka jure. Rana ta biyu da yamma mata sun yi layi har bayan masallaci, shanun Bubayero suna ta kuka, shi kuwa yana tsaye a kan ƙyaure yana bayanin yadda Jamus ke hayayyafa, yana juya makulli a yatsa. Makullin ya suɓuce, ya bi ta ɗan tsagin da ke tsakanin ƙyaure da bakin rijiya. Kowa ya yi tsit har aka ji ya ce tsulum.

Hanne ta ce, "To, Dokta, ka aika musu da makulli, sai su buɗe mana daga ciki."

Da gatari aka fasa ƙyauren. Baiwa ta karɓi abinta gida biyu, ta jingine su a inda yake shimfiɗa tabarmarsa. Rijiya kuwa aka yafa mata tsohuwar zana.

Da wani ne, da a nan zai ja baya. Ɗantani cewa ya yi ai murfi aikin ƙananan ma'aikata ne, babban aiki shi ne magani. Washegari ya kama zabo, ya hau keken aro ya tafi Gaya wurin wani tsohon abokin hirarsa mai gadin siton ofishin lafiya, ya ba shi zabon. Ya dawo da gwangwani cike da wani gari mai duhu, mai ƙyalli kamar kwalli. Mai gadin ya ja masa kunne har sau uku cewa rabin cokalin shayi ya ishi rijiya guda.

Ya tara mutane, ya buɗe gwangwani, ya ɗebo rabin cokali. Ya dubi cokalin, ya dubi taron, sai ya ga abin ya yi masa kaɗan a ido. Mutumin da ya yi tafiyar Gaya da dawowa a rana ɗaya ba zai tsaya gaban jama'a da rabin cokali ba.

Liman ya ce, "Nawa aka ce a zuba?"

"Allah gafarta Malam, rabin cokali na rijiyoyin birni ne, waɗanda cutarsu ƙanana ce. Tamu ta ƙauye ta ci ta ƙoshi."

Ya juye gwangwanin duka, ya bubbuga gindinsa, ya sa aka jefa guga aka yi ta jujjuyawa.

Gugan farko da aka jawo, ruwan ya fito shunayya kamar daga marina. Ɗantani ya ce jinin cuta ne, alamar magani ya kama, zuwa gobe zai washe. Gobe ta yi, bai washe ba. Hanne ta gwada dama koko da shi, ya fito da launin da babu wanda ya taɓa gani a cikin ƙwarya, ko kare bai lasa ba. Matar Kabo ta wanke masa farin rawaninsa na tarbar baƙi, ya bushe ya koma kalar miyar kuka. Fararen shanun Bubayero suka sunsuna komi suka juya, biyu da suka tsoma baki suka wuni da gemu ja. Mafi muni, Liman ya tsaya ƙofar masallaci ya sanar cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa suka jirkice ba ya alwala. Aka wayi gari magidanta suna taimama a gefen rijiya cike da ruwa, mata kuma suka ɗauki tuluna suka kama hanyar Toranke.

Bubayero ya sami Ɗantani a gindin kuka ya ce, "Ɗana, a kira mahaƙa su yashe ta. Kwana uku ya rage, za ta kawo sabon ruwa."

"Baffa, yasa ai aikin jahilci ne. Abin da ilimi ya ɓata, ilimi ke gyara shi."

"To ka yarda ya ɓata."

"Ban ce ba. Na ce in da ya ɓata."

Iliminsa ya nuna masa cewa fari shi ke kashe duhu. Ya sa aka jiƙa kwando biyu na farar ƙasa, ya tuttula a ciki. Ruwa ya koma kamar kunun kanwa da aka zuba wa zoɓo. Ya ce saura tsami ya tsinka shi, ya bi gari ya tsinke lemon tsamin mutane ya matse a ciki, har da ɓawon. Zuwa ranar da ta rage kwana ɗaya, ruwan ya zama ja-ja, baƙi-baƙi, da kumfa a sama, yana wani wari da ke tarar mutum tun daga masallaci.

Kabo ya kira shi zaure, idonsa ya yi ja. "Ɗantani, ka kashe ni. Gobe mutumin nan zai zo."

"Ranka ya daɗe, me duba-gari yake dubawa? Rijiya ko abin da ke cikin guga?"

"Abin da ke cikin guga."

"To shi ke nan."

Ya matso ya faɗa masa dabarar a kunne. Kabo ya tuna masansa na siminti, ya ce Allah ya sa a dace.

Washegari da hantsi, jama'a duk suka tafi bakin hanya tarbar baƙo. Ɗantani ya sulala gida ya ɗauke tulun da Baiwa ta ɗebo daga Toranke da sassafe. Shi da Kabo suka je rijiya. Ya bi 'yan matakan da mahaƙa suka sassaƙa a jikinta ya sauka, har ya kai wani ɗan tudu da suka bari a bango, kamar gaba biyu sama da ruwa. Kabo ya zura masa tulu da igiya, ya mayar da zana, ya ruga ya shiga cikin masu tarba.

Tudun bai fi faɗin faifai ba. Ɗantani ya tsuguna, ya rungume tulu, bayansa manne da bango mai santsi, wari yana hawa masa ka. Yana ta lissafin yadda za a yi bikin famfo, da inda zai tsaya, da abin da zai ce wa Hanne.

Can ya ji ƙarar babur, ya ji gaishe-gaishe, sannan muryar Malam Ɗahiru, mai sanyi kamar yadda ya san ta.

"Wancan ginin na mene ne?"

Kabo ya ce, "Ɗan makewayi ne, ranka ya daɗe. Taku talatin da huɗu, an auna."

Ɗantani ya ji takalmi yana tafiya, murya tana ƙirgawa. Ta tsaya a goma sha biyar.

Aka yaye zana, haske ya zubo masa a ka, ya ƙara lafewa. Guga ya sauko yana lilo. Ya cafke shi, ya tsiyaya rabin tulu a ciki, ya ɗan ja igiya ya saki. Guga ya hau.

Sai ya ji taron ya ɗauki salati. Liman yana cewa Allah mai iko, jiya-jiya ruwan nan ko jaki ba ya sha. Hanne ta ce ita dai a ba ta ta gani da idonta. Ɗantani ya yi murmushi a cikin duhu har haƙoransa suka fito.

Malam Ɗahiru ya ce, "Ruwa garai-garai. Sai dai ban taɓa ganin rijiyar da ke wari haka ta ba da irin wannan ba. Kuma gindin gugan a bushe yake." Sannan ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba. "Mai unguwa, wa ya yi wannan aiki? Ina so in rubuta sunansa."

Ɗantani ya gyara hula, ya kasa kunne.

Kabo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ni ne. Kwana takwas ban huta ba. Ni na tsara komai da kaina."

"Na ji an ce Ɗantani a garin nan yake. Bai sa hannu ba?"

"Wannan ai sai ɓarna. Shi ya lalata ta, ni na gyara."

Ɗantani ya ciji leɓe. Ya ce a ransa haƙuri, famfo ya zo tukuna.

Malam Ɗahiru ya ce, "Haka na san shi. Wata biyu ya yi a wurina, bai iya bambanta kwalbar awo da ta man keke ba. To, yaya ake rubuta sunanka, Mai unguwa?"

Nan haƙuri ya ƙare. Daga ƙarƙashin ƙasa murya ta taso, rijiya ta ninka ta uku.

"Ƙarya kake yi, Kabo! Ni na auna, ni na yi murfi, ni na zuba magani, kuma ni na zuba ruwan nan a guga yanzu!"

Mata suka watsar da tuluna, Liman ya ja da baya yana neman tsari. Ɗantani kuwa, garin nuna ƙirjinsa da yatsa, ya saki tulu. Ya kai hannu zai tare shi, ƙafa ta zame, shi da tulu da hular kwano suka tafi tare.

Ruwan iya wuya ne, Allah ya taimake shi. Aka zura igiyar shanun Bubayero, maza shida suka ja. Ya fito yana tari, ɓawon lemo a kansa, rigarsa da fatarsa da gemunsa duk sun rine, idanunsa kaɗai ne farare. Ya tsaya a gaban duba-gari ruwa yana ɗiga, ya ƙame ya sara masa.

Malam Ɗahiru ya ce, "Ɗantani, kwana biyu."

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Dama ina duba ta ne daga ciki."

Dariyar da aka yi har shanu suka firgita. Hanne ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Malam Ɗahiru kaɗai bai yi ba. Ya jira aka lafa, ya sa aka jawo guga na gaskiya, ya zuba a kwalba ya ɗaga kowa ya gani. Sannan ya juya wajen Kabo.

"Mai unguwa, mutum nawa kuka binne bara?"

"Tara."

"Wannan maganin da ya zuba, yasa biyu za ta fitar da shi. Abin da ke tsiyayowa daga masanka ba ya da launi, shi ya sa kuka sha kuna gode wa Allah. Shi wannan wauta ce ke damunsa. Kai kuwa ka san taku goma sha biyar ne."

Kabo ya sunkuyar da kai, rawaninsa mai kalar miyar kuka ya zamo gaban goshi, bai ko gyara ba.

Aka rufe rijiya da hatimi, aka ce ba za a buɗe ba sai an yashe ta sau biyu, an cike masan da ƙasa, an yi murfin kirki. Kabo da hannunsa ya fara sara simintin a ranar, mutane suna tsaye suna ba shi shawarar inda zai buga. Matan gari kuma suka aiko Hanne da nasu hukuncin: duk tsohuwar da ba ta iya tafiyar Toranke, Ɗantani ne zai ɗebo mata ruwa har a buɗe rijiya. Ya je gida neman wanda zai tausaya masa, Baiwa ta miƙo masa gammo.

"Ka fara da nawa, Malam. Kuma tulun aro ne, ka riƙe shi da hannu biyu."

Kwana goma sha biyu ya yi yana wannan zirga-zirga, sawu biyar kullum, fatarsa tana saɓulewa kaɗan-kaɗan kamar ta ƙadangare. A rana ta farko, da ya isa rijiyar unguwar nan ta gefen Toranke, ya leƙa ciki, ya kanne ido ɗaya, ya ce wa matan wurin ruwansu yana buƙatar ɗan gyara, kuma ya san inda ake samun maganin. Labarinsa ya riga shi zuwa. Kafin ya dawo sawu na biyu, mazan unguwar sun haɗa katako sun yi wa rijiyarsu murfi mai nauyi. Suka ɗaure guga ɗaya a jikin turke don kada ya zo da nasa, suka kewaye wurin da ƙaya, suka zaunar da wata tsohuwa da taɓarya a bakin shiga. In ya zo, a waje yake tsayawa a cika masa tulu a miƙo masa ta saman ƙaya.

A haka Malam Ɗahiru ya zo ya same su. Ya zagaya rijiyar sau biyu, ya ce duk yawonsa bai ga wadda aka tsare kamarta ba. Bayan sallah aka kafa musu famfo.

Ranar da aka buɗe shi, mutanen Kukar Gaji suka zo kallo, suna tsaye daga gefe. Ɗantani ya ratsa taro ya isa gaba, ya dafa bututun, ya dubi Bubayero.

"Baffa, ka gani ko? Na ce zan kawo famfo, ga shi na kawo."

Bubayero ya ce, "Ka kawo. Saura ka ɗauko shi ka kai mana gida."

Ɗantani ya dubi famfon daga sama har ƙasa, ya ɗan girgiza shi, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne, a ba shi kwana takwas. Tsohuwar nan ta miƙe da taɓaryarta.